Daren Da Jirgin Ƙasa Yake Jiran Agogo

Layin dogo bai ratsa Rano ko Kibiya ba. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin Ikko daga cikinmu, sai da ya yi sammako ya kama motar Kano tukuna. Iyayenmu da suka yi wannan tafiya sun koyi abu ɗaya tun da wuri: a gona rana ce agogo, amma a tasha agogon reluwe ne sarki. To, akwai ƙasashen da sau biyu a shekara sukan taɓa wannan agogo da gangan. Yaya jiragensu suke yi a daren?

A Ingila, tsakiyar watan Yuni, rana takan yi fiye da awa 16 a sama, a Disamba kuwa ba ta cika awa 8. Wani magini mai suna William Willett ya ga mutane suna barci alhali gari ya daɗe da wayewa, sai a 1907 ya ba da shawara a riƙa tura agogo gaba a lokacin zafi. Jamus ce ta fara yin haka a ƙasa baki ɗaya a watan Afrilu 1916, ana cikin yaƙi, domin a rage ƙona gawayin kwal. Ingila ta bi sawu a watan Mayu. Har yanzu Lahadin ƙarshe ta Maris sukan ƙara awa ɗaya, Lahadin ƙarshe ta Oktoba su mayar da ita.

Ga inda wahalar take. A ce jirgi ya tashi ƙarfe 10 na dare, zai isa ƙarfe 6 na safe, wato tafiyar awa 8. A daren Maris an yanke awa ɗaya, don haka ko direba bai yi sakaci ba, sai ƙarfe 7 zai isa. A daren Oktoba kuma awa ta ƙaru. In ya ci gaba da gudu zai riƙa isa tashoshi kafin lokacin da aka rubuta, ya wuce ya bar masu tikiti a baya. Saboda haka a Jamus da Amurka akan tsai da jiragen dare a wata tasha, su jira har agogo ya cim musu.

Ma'aikatan reluwe sun san kowane jirgi da lambarsa da lokacinsa, gama da su ne ake ba shi hanya, a hana shi karo da wani. A daren Oktoba ƙarfe 2 takan zo sau biyu a Jamus. Domin kada a ruɗe, dokarsu ta raɗa wa awa ta fari suna 2A, ta biyu kuma 2B.

Mu fa, me ya sa ba mu yin haka? Domin Allah ya ajiye mu kusa da tsakiyar duniya. A ƙasar Kano yini mafi tsawo bai kai awa 13 ba, mafi gajarta kuma ya ɗara awa 11. Ba wani hasken da yake ɓacewa da za a ceto.

Amma kada mu ɗauka agogonmu daidai yake da rana. Tun 1840 wani kamfanin jirgin ƙasa na Ingila ya sa tashoshinsa su bi lokacin Landan, gama kowane gari yana da tsakar ranarsa. Mu ma haka ne. Jirgi ya iso Kano a 1911, tafiya daga Ikko kuwa wajen mil 700 ce. Rana takan tsaya tsaka a Maiduguri kusan minti 40 kafin ta tsaya a Ikko. Tun ran 1 ga Satumba 1919 Nijeriya take bin lokaci ɗaya, awa ɗaya gaba da GMT, kuma shi ne na Nijar. Shi ya sa a Rano, agogo yakan wuce ƙarfe 12 kafin inuwarmu ta dawo ƙarƙashin ƙafafunmu.

Iyalin da suke da ɗa ko 'ya a Ingila su riƙe wannan. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da nasu ɗaya ne. Sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya. In za ku buga waya, ko wani naku zai yi tafiya can a waɗannan ranakun Lahadi biyu, a duba lokaci sau biyu.

Masu karatu, ashe agogo alkawari ne tsakanin mutane. Hukuma tana iya tura shi gaba ko baya, amma ba ta iya ƙara wa yini ko minti ɗaya. Littafin Sarakuna na Biyu, sura 20, ya ba da labarin yadda Ubangiji ya komar da inuwa baya taki goma, alama ga Sarki Hezekiya cewa zai warke. Mai ikon yin haka shi kaɗai ne.

Namu aikin shi ne cika alkawari. In an ce sujada ƙarfe 9, ko taron zumuntar mata ƙarfe 4, ko gayya da sassafe, wanda ya makara ya ci lokacin 'yan'uwansa ne. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Bari mu koya wa yaranmu ɗaukarsa tun suna ƙanana.