Babylon 5: Labarin Da Aka San Ƙarshensa Tun Kafin A Fara

A kashi na farko na Babylon 5, shirin almarar kimiyya da aka fara haskawa a Amurka a Janairun 1994, jakada Londo Mollari ya ce ya ga ajalinsa a mafarki, shi da abokin gabarsa G'Kar kowa ya shaƙe wuyan wani. Maganar ta wuce kamar ba komai. Sai a zango na uku, cikin 1996, aka nuna wa masu kallo wannan rana. Ashe Londo ne da bakinsa ya roƙi G'Kar ya kashe shi, a lokacin da gabar da ke tsakaninsu ta riga ta rikiɗe ta zama aminci.

A wancan zamani, shirye-shirye irin su Star Trek kan ɗaura rikici su warware shi cikin sa'a guda, domin gidajen talabijin su iya maimaita kowane kashi yadda suka ga dama. Marubucin Babylon 5, J. Michael Straczynski, ya ƙi bin wannan hanya. Ya tsara labarin shekara biyar tun daga tushe har ƙarshe, sannan cikin kashi 110 ya rubuta 92 da hannunsa. Shi ya sa zaren bai tsinke ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne tanadinsa. Ya san ɗan wasa kan iya tafiya, don haka kowane babban jarumi ya ajiye masa ƙofar fita a cikin labarin. Da Michael O'Hare ya bar shirin bayan zango na farko saboda rashin lafiya, aka kawo Bruce Boxleitner a matsayin sabon kwamandan tashar sararin samaniya ta Babylon 5, John Sheridan. Shi kuwa tsohon kwamanda, Sinclair, wanda O'Hare ke fitowa a matsayinsa, ba a yar da shi ba. Ya dawo a zango na uku ya ƙulle batun wata tasha mai suna Babylon 4 da ta ɓace. Haka kuma da aka shiga fargabar ba za a samu zango na biyar ba, aka ɗauki kashin ƙarshe aka ajiye, har tashar TNT ta karɓi shirin, ta haska zango na biyar a 1998.

Ku marubutan fina-finanmu masu dogon zango, ku zauna ku rubuta ƙarshen labari kafin a kunna kyamara. Mai kallon da ya ba ku shekarunsa yana da wannan hakki a kanku.