Nono Ba Ya Karya Gubar Feshi

Tun da hukumar NAFDAC ta fitar da jadawalin janye wasu magungunan feshi daga kasuwa, wato paraquat daga Janairun 2024, chlorpyrifos daga Nuwamban 2024, atrazine kuma daga farkon 2025, manoma ke ta ƙorafi. Abin da ake ji shi ne an raba talaka da maganin da ya fi ci, alhali an daɗe ana fesa shi ba a ga kowa ya faɗi a gona ba. Idan aka matsa da maganar illa, sai a kawo tsohuwar hujja: in ka gama feshi ka sha nono ko madara, ko ka lashi manja, shi ke nan gubar ta karye. A yankin Bakolori, inda ruwan madatsar da aka kammala a 1978 ya sa mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ke noma rani da damina, wannan magana tana da haɗari ƙwarai, domin famfon feshi ba ya hutawa.

Nono abinci ne, yana shiga ciki. Gubar da ke cutar da mai feshi kuwa mafi yawanta ta fata take bi, saura ta hanci da ido. Fatar mutum kamar randar ƙasa ce, ana ganinta a rufe amma tana tsotsa. Idan rana ta take, gumi ya jiƙa jiki, tsotsar sai ta ƙaru. Tankin goyo mai yoyo yana jiƙa riga tun daga kafaɗa har ƙugu, mutum ya wuni da ita a jikinsa. Kafin ya kai ga ƙwaryar nono, abin ya riga ya shiga jini. Ga wanda ya haɗiyi maganin kuma, maiƙon madara ko na manja na iya taimaka wa wasu nau'o'in gubar su ratsa hanji da sauri.

Irin su chlorpyrifos da dichlorvos, wanda aka fi sani da Sniper, suna hana aikin wani sinadari da ke dakatar da saƙon jijiya bayan ya isar. Sai jijiya ta yi ta aika saƙo ba tsayawa: yawu ya yi ta zuba, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, amai da gudawa su taso, ƙirji ya cika da majina. Ciwon kai da jirin da ake ɗora wa zafin rana bayan feshi sau da yawa somin wannan ne. A asibiti ana yin allurar atropine don ceto rai. Paraquat kuwa ba shi da makari, yana cinye huhu a hankali cikin kwanaki. Wani nazari da aka buga a 2020 ya ƙiyasta cewa ana samun guba ta rashin sani daga maganin feshi kusan sau miliyan 385 a duniya kowace shekara, kuma mutum kusan dubu 11 ke mutuwa.

A duba yadda ake aiki a masana'antar harhaɗa magunguna. Ƙwayar da kake haɗiya mai santsi da launi, an lulluɓe ta ne a cikin wata ganga mai juyawa, inda ake fesa mata ruwan sinadari ana busar da ita da iska mai ɗumi. Ana rufe ƙofar gangar kafin a fara, akwai bututun da ke zuƙe tururi da ƙura ya fitar. Ma'aikaci yana sa takunkumi da tabarau da safar hannu da rigar aiki wadda ba ya zuwa gida da ita. In kan feshin ya toshe, sai an kashe na'ura kafin ya sa hannu. Duk wannan kiyayewa a kan abin da aka yi shi don a haɗiya ne. Mu kuwa yaron da aka ɗauka ƙwadagon feshi yana dama abin da aka yi don ya kashe da hannu tsirara, in bakin famfo ya toshe ya sa baki ya hura, ya shiga shinkafa da silifa, iska na maido masa da feshin a fuska. Tsumman da ya ɗaure hanci da shi, da zarar ya jiƙe, ya koma abin da ke shaƙa masa gubar.

Abin da ke kare mutum ba ɓoyayye ba ne. Safar hannu ta roba, takalmin roba mai tsawo, riga mai dogon hannu da wando, takunkumin da aka yi don sinadari. A yi feshi da sassafe ko da yamma, iska tana bayan mai feshi. Kada a ci goro ko a sha taba ana cikin aikin. An gama, a yi wanka da sabulu, a wanke kayan daban da na iyali. A dubi layin launin da ke ƙasan kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. In wani ya kamu, a cire masa kaya, a wanke shi, kada a sa shi amai, a kai shi asibiti tare da kwalbar don likita ya san da me yake fama. Kada a wanke tanki a magudanar da mutane da dabbobi ke sha, kuma kwalbar da ta ƙare ba ta zuba mai ko ruwan sha ba ce.

Hani a takarda ba ya isa gona shi kaɗai. An kashe kuɗi mai yawa a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya wajen gyara magudanan Bakolori, kuma lafiyar masu aiki a bakin waɗannan magudanai ta cancanci irin wannan kulawa. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da malaman gona su riƙa bi ƙungiya-ƙungiya suna nunawa a aikace, da Hausa. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa za su iya sayen kayan kariya a riƙa ara. Mai shago ya ajiye safar hannu kusa da kwalba. Mai gona kuma da ya ɗauki ɗan wani aikin feshi, haƙƙin ba shi kayan kariya yana wuyansa, kafin ma a yi cinikin ladan aiki.