Bege Daban, Bangaskiya Daban

A ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, lokacin da bazara ta kai maƙura, za ka ga wani manomi a ƙauyukan Katsina ko Maraɗi ya saɓi sungumi ya nufi gona, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Yana saran busasshiyar ƙasa, yaro na biye da ƙwaryar iri yana jefa gero yana rufewa da ƙafa. Wannan shi ake kira binne. In ruwan fari ya zo da ƙarfi ya kuma ɗore, mai binne ya riga kowa. In kuwa yayyafi ne ya jiƙa irin, sannan ruwa ya ɗauke mako biyu, tsiron ya ƙone ke nan, sai an sake shuka, in da sauran iri a rumbu.

Ka tambayi manomin nan ko ya yarda Allah ne mai saukar da ruwa, zai dube ka kamar wanda ya zautu. Wannan bai taɓa hana shi barci ba. Abin da ke sa shi fitowa tsakar gida da tsakar dare yana leƙen gabas shi ne ko ruwan zai zo a makon nan, a kan gonar nan tasa. Yardarsa da Allah ita Kirista ke kira bangaskiya, Musulmi ya ce imani. Leƙen gabas ɗin kuwa fata ne. Tushensu ɗaya, amma nauyinsu a zuciya ya bambanta, kuma haɗa su a ƙwarya ɗaya ya jefa masu bi da yawa cikin wahalar da ba su san sunanta ba.

Hausa ba ta rasa kalmomi a nan ba. Muna da fata, da sa rai, da tsammani, da buri. Cikin ikilisiya kuma akwai bege, kalmar da tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1932 ta yi amfani da ita, fassarar da Likita Mila na Wusasa ya yi wa aiki shekara da shekaru. Fassarar da ta biyo baya ta fi son "sa zuciya", amma bege ya riga ya zauna a bakin mutane, har ana raɗa wa yara shi kamar yadda ake raɗa Ƙauna da Godiya da Alheri. A Hausar yau da kullum bege kewa ce mai zafi, irin ta wanda masoyinsa ya yi nisa. Ina ganin masu fassarar farko sun dace, don duk wanda ya taɓa jiran abu da gaske ya san jiran yana da raɗaɗi. Abin lura kuma, in Bahaushe ya fid da rai gaba ɗaya, cewa yake ya yanke ƙauna. Manzo Bulus, a sura ta 13 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya jera bangaskiya da bege da ƙauna a matsayin abubuwa uku. Da abu ɗaya ne, da bai ƙirga uku ba.

To me ya sa begen ya fi wuyar riƙo? Toma Akwinas, malamin tauhidin Kirista da ya rasu a 1274, ya ce abin da ake sa wa rai yana da alamu huɗu: alheri ne, yana gaba, samunsa da wuya, amma mai yiwuwa ne. Ba wanda ke begen fitowar rana gobe, don ba wuya a ciki. Ba kuma wanda ke begen komawa yaro, don ba hali. Bege yana zaune ne a ɗan siririn wurin da ke tsakanin "zai yiwu" da "ba tabbas", wurin da zuciya ba ta samun shimfiɗa tabarma ta huta. Hausawa sun ce sa zuciya ga ci shi ke kawo jin yunwa. Wanda ya fid da rai ya huta da wani irin ciwo. Mai sa rai kuwa kullum da safe sai ya sake buɗe gyambon.

Iyayen 'yan matan Chibok sun san wannan fiye da kowane malami. A daren 14 ga Afrilun 2014 'yan Boko Haram suka kwashe ɗalibai 276 daga makarantar sakandaren garin. Wasu 57 suka tsere a kwanakin farko. An sako 21 a Oktoban 2016, aka sako 82 a Mayun 2017, wasu kuma suka riƙa ɓullowa ɗai-ɗai, wasunsu da goyo. Da aka cika shekara 10, fiye da 80 ba su dawo ba. Akasarin iyayen 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, wato EYN, kuma ba su daina zuwa sujada ba. Amma ka yi tunanin uwar da duk lokacin da rediyo ya ce an ceto yarinya sai gabanta ya faɗi, ta kasa kunne ta ji suna, sunan ya zama na 'yar maƙwabciya. Za ta je barka, kuma har cikin ranta take murna, sannan ta dawo ɗaki. Wanda aka yi wa mutuwa ana zuwa masa gaisuwa, a yi zaman makoki a tashi. Ita ba ta da kabarin da za ta nuna, ba ta kuma da damar daina jira. Iyaye da dama sun rasu suna cikin jiran nan.

Wani abin da ke ƙara wa bege haɗari shi ne ɗaura masa rana. Viktor Frankl, likitan ƙwaƙwalwa Bayahude daga Ostiriya wanda ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, ya ba da labari a littafinsa na 1946 cewa tsakanin Kirsimetin 1944 da sabuwar shekarar 1945 mace-mace sun ƙaru ƙwarai a sansanin da yake. Abinci bai ragu ba, aiki bai ƙaru ba, ba sabuwar annoba. Bayanin da babban likitan sansanin ya bayar, shi ma Frankl ya yarda da shi, shi ne fursunoni da yawa sun ƙudurta a ransu za su yi Kirsimeti a gida. Ranar ta zo ta wuce, sai jiki ya bi zuciya. Duk daren 31 ga Disamba, in na ji ana shelar "bana shekararka ce, kafin Ista za ka ga aure, za ka ga aiki", labarin nan nake tunawa.

Bangaskiya ba ta aiki haka. Ita kallonta yana kan wanda aka dogara gare shi, da abin da mai bi ya yarda an riga an yi. Ga Kirista, wannan shi ne mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa, da amincin Allah ga alkawarinsa. Labaran ƙarfe shida na safe ba sa ƙara mata komai, ba sa rage mata. Fata kuwa yana kallon abin da bai zo ba tukuna, don haka kowace iska tana kaɗa shi. Wani mawaƙin Faransa, Charles Péguy, ya rubuta doguwar waƙa a 1911 inda ya kwatanta bege da ƙaramar yarinya mai tafiya tsakanin manyan yayyenta biyu, bangaskiya da ƙauna, ya kuma ce a cikin ukun ita ce mai wuya, ita ce abin mamaki. Shekara uku bayan haka aka harbe shi a makonnin farko na Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ban san inda bambancin nan ya fito fili a ƙasarmu kamar a bakin Rabaran Lawan Andimi ba. Limamin EYN ne, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a ƙaramar hukumar Michika ta jihar Adamawa. A farkon Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama shi, suka fitar da bidiyonsa. A ciki ya roƙi abokan aikinsa da gwamnan jiharsa su nemi a sake shi, ya ce da yardar Allah zai sake haɗuwa da matarsa da 'ya'yansa. Wannan fata ne, kuma bai ji kunyar furta shi ba. Sai ya ƙara da cewa in hakan bai samu ba, mai yiwuwa nufin Allah ke nan, ya roƙi mutanensa su yi haƙuri, kada su yi kuka. Kafin watan ya ƙare aka kashe shi. Fatansa bai cika ba. Abin da ya tsaya a kai lokacin da yake maganar ƙarshen nan kuwa, masu bindigar ba su iya taɓa shi ba. Duk ɗan makarantar Lahadi zai tuna samarin nan uku na sura ta 3 a littafin Daniyel, waɗanda suka gaya wa sarkin Babila Allahnsu yana da ikon fid da su daga tanderu, amma ko bai fid da su ba, ba za su rusuna wa gunkin ba.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don akwai koyarwar da ta cika gari mai share "ko bai fid da su ba" ɗin nan. Tana cewa bangaskiya ita ce ka tabbatar a ranka abin da kake so zai faru, in bai faru ba, taka ce ta gaza. Na ga ɓarnarta da idona. Wata dattijuwa a zumuntar matan ikilisiyarmu ta yi jinyar mijinta mai ciwon ƙoda wata bakwai. Wankin ƙoda sau biyu a mako ya cinye shanun huɗarsu, ya cinye fili. Wani matashin mai wa'azi ya riƙa zagaya ɗakin marasa lafiya, ya ce mata ta daina cewa "in Allah ya yarda", wai shakka ce, ta furta da bakinta cewa an riga an warkar da shi. Ta yi azumi har ƙafafunta suna rawa. Maigidan ya rasu.

Da na je gaisuwa, na durƙusa gabanta a kan tabarma, sai ta riƙe hannuna ta ce a hankali, "Ɗana, ni na kashe shi ko? An ce da bangaskiyata ta kai, da ya tashi." Bakina ya mutu. Wata tsohuwa da ke gefe tana ɓare gyaɗa ce ta cece ni. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Haba Yaya. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, ba a cire ba. Shi ma bangaskiyar ce ba shi da ita? Ubangiji kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon, ya sha abinsa." Matar nan ta rasa miji, aka kuma nemi a ɗora mata alhakin mutuwarsa. Mai wa'azin bai zo gaisuwa ba.

Tsofaffin malaman Kirista sun ce ana faɗuwa daga bege ta gefe biyu. Ɗaya yanke ƙauna, wanda 'yan'uwanmu Musulmi ma suke ɗauka babban laifi ne in aka yi shi ga rahamar Allah. Ɗayan kuwa ganganci ne, mutum ya ɗauka Allah ya ci bashinsa dole ya biya a ranar da ya yanka. Mu nan muna kiransa tsammanin warabbuka. Na biyun shi ke haifar da na farkon, don wanda aka yi wa alkawarin ƙarya da sunan Allah, ran da abin ya rushe, ba mai wa'azin yake zargi ba.

Kada a ce ina nufin Kirista ya daina sa rai a sami sauƙi, a sako wanda aka sace, a ci jarrabawa. A roƙa, a kai marar lafiya asibiti, a matsa wa hukuma lamba. Sai dai begen da Littafi Mai Tsarki ke magana a kai ya fi wannan zurfi. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta kwatanta shi da anka, ƙarfen nan da ake jefawa ƙarƙashin ruwa don ya riƙe jirgi. Abin da ya kama shi ne tashin matattu da alkawarin cewa mugunta ba ita ce mai maganar ƙarshe ba, kuma ba a sa masa rana a kalanda ba. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku, a tsakani kuwa har dariya ya yi wa maganar. Don haka in ka je duba marar lafiya, ko gidan da aka sace musu ɗa, kada ka yi alkawarin da ba naka ba ne. In mutum ya ce maka ya gaji da sa rai, kada ka yi masa wa'azin tuba. Gajiya ce, kuma sau da yawa abin da yake bukata shi ne wani ya riƙe masa jiran na kwana biyu, ya kawo tuwo, ya zauna.

Irin wannan begen ba ya hana aiki, shi ne ma mai sa a yi binne. A shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya, sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila sun kewaye Urushalima, annabi Irmiya kuma yana tsare a farfajiyar masu gadin fada saboda ya ce birnin zai faɗi. A nan ɗan baffansa Hanamel ya same shi da tayin gona a Anatot, ƙauyensu, a daidai lokacin da ba mai hankalin da zai sayi ko taku ɗaya na ƙasa. Irmiya ya auna azurfa shekel 17 ya biya, aka rubuta takarda, shaidu suka sa hannu. Ya miƙa wa Baruk magatakardansa, ya ce a sa ta cikin tulun yumɓu don ta daɗe, gama wata rana za a sake cinikin gidaje da gonaki a ƙasar. Ba a jima ba birnin ya faɗi, aka ƙone Haikali, aka kwashe mutane zuwa Babila. Shi Irmiya, daga baya waɗanda suka rage suka tafi da shi Masar ba da son ransa ba, ya bar gonar da tulun a baya.