Turbo Ba Ya Yafe Jinkirin Juye

Ya kamata mai motar turbo a Sandamu ya sani cewa doguwar tazarar juye da kamfani kan rubuta ba da ƙurar hunturunmu da zafin bazararmu aka auna ta ba. Turbo yakan juya fiye da sau 100,000 a minti, baƙin mai ne kuma ke sanyaya shi. Man galan da ba a san asalinsa ba yakan ƙone, ya toshe hanyar da yake bi.

Shawarata ita ce a sayi man sintetik mai kaurin da littafin motar ya ambata, mai alamar API SP, a yi juye tare da sauya filta duk kilomita 5,000. Araha ba ta ado, kuɗin juye kuwa bai kama ƙafar na sabon turbo ba.