Baƙin Yola da Duwatsun Adamawa

Baƙin ƙasashen waje da ke zaune a Yola da Jimeta kashi-kashi ne. Akwai malaman Jami'ar Amurka ta Najeriya, wadda Alhaji Atiku Abubakar ya kafa a 2004. Akwai ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, waɗanda suka yawaita tun ƙarshen 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, dubban 'yan gudun hijira suka kwararo cikin gari. Ga kuma 'yan kasuwa da injiniyoyi da ma'aikatan coci. Saukar baƙi a wannan yanki tsohon abu ne, domin Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Yola a 1851, shekara 10 bayan Modibbo Adama ya kafa ta, 'yan mishan na ƙasar Denmak kuma sun sauka Numan a 1913.

Daga Litinin zuwa Juma'a, rayuwar yawancinsu ba ta wuce gida da ofis, cikin katanga da mai gadi, ga dokokin tsaro da wuraren aikinsu suka gindaya musu. Ga kuma zafi. Yola tana kwance ne a kwarin Binuwai, inda ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Shi ya sa idan Asabar ta zo, hankalin mai son motsa jiki kan koma ga duwatsun da ake hangowa daga gadar Jimeta.

Mafi kusa su ne duwatsun Bagale da ke tsallaken kogi, a ƙaramar hukumar Girei, sai duwatsun Vere daga kudu. Waɗannan na tafiyar wuni guda ne: a fita bayan asuba, a sauko kafin rana ta take. A kan hanyar Gombi kuma akwai duwatsun Song, cikinsu har da ukun nan da ke jere da juna, da ake wa laƙabi da 'yan'uwa mata uku. Hawan dutse iri biyu ne. Akwai bin hanya da ƙafa har a kai ƙololuwa, akwai kuma hawan gangar dutse mai tsaye, wanda ke buƙatar igiya da ƙugiyoyi da hular kwano da takalmi mai kama dutse, da abokin hawa da zai riƙe igiya daga ƙasa. Na farkon ne aka fi yi a nan. Na biyun sai wanda ya zo da kayansa da gwanintarsa, kuma ganganci ne a gwada shi da damina, lokacin da dutse ke santsi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin hawa, ko da yake ƙurar hunturu kan rufe abin da ido zai hango.

Wanda ke da kwana biyu ko uku yakan yi nisa. A ƙaramar hukumar Jada, kan iyakar Kamaru, akwai tsaunukan Alantika, mazaunin mutanen Koma, waɗanda labarinsu ya cika jaridun Najeriya a 1986. Can kudu a tsaunukan Shebshi akwai Dimlang mai tsayin mita 2,042, sai ɓangaren Gumti na gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Najeriya.

Sai dai babu wurin da ya kai Sukur, a ƙaramar hukumar Madagali, nuna wa baƙo abin da dutse yake nufi ga mai shi. Hanyar da ake bi zuwa sama shimfiɗaɗɗiya ce da faffaɗan duwatsu da kakannin mutanen wurin suka jera da hannu. A gefenta gonaki ne hawa-hawa, an tokare ƙasarsu da jerin duwatsu don kada ruwa ya wanke ta. A sama akwai fadar Hidi, sarkin Sukur, ita ma ta dutse, da kufan matoyar ƙarfe, domin da fataucin ƙarfe garin ya yi suna. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a Najeriya. Mutanen tsaunukan Mandara, inda Sukur take, sun riƙe saman dutse ne saboda tsira daga mahara masu kamun bayi, irin su Hamman Yaji na Madagali a farkon ƙarni na 20, kuma a 2014 Boko Haram ta kai wa Sukur hari ta yi ƙone-ƙone. Wanda ya hau wurin don shan iska ya kamata ya san cewa gidan mutane ya shiga. Ladabi shi ne a fara gaida jauro ko mai gari, a ɗauki ɗan jagora daga cikin mutanen wurin a biya shi hakkinsa, kada a ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kada a taka wurin da aka ce na tsafi ne.

Abinci kuwa shi ne ya fi saurin haɗa baƙo da 'yan gari. A Jimeta da yamma akwai gasasshen kifin Binuwai da yaji, da tsire da balangu. Da safe akwai kunun gyaɗa, wanda Adamawa ta yi fice a kansa, da masa. Fulani mata na kawo kindirmo da fura da dakkere, a gidaje kuma tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko ta yakuwa. Doyar Ganye sananniya ce a kasuwannin jihar. Guzurin mai hawan dutse kuwa bai wuce kilishi da gyaɗa da dabino da ruwa mai yawa ba.

Abin da ke taƙaita duk wannan shi ne tsaro. Madagali na maƙwabtaka da kudancin Borno, wasu ƙauyukan kan iyaka kuma sun sha fama da masu satar mutane. Duk mai niyyar hawa, baƙo ne ko ɗan gari, ya tuntuɓi hukuma da mutanen wurin kafin ya kama hanya, kuma kada ya tafi shi kaɗai.