Jinin al'ada: gaskiya da ƙarya a abin da ake faɗa wa 'yan mata

"Daga yau, namiji ya taɓa ki kin ɗauki ciki." A gidaje da yawa, wannan ne kaɗai darasin da yarinya ke samu ranar da ta fara ganin jini. Uwa na faɗa ne don ta tsare 'yarta, amma ba haka abin yake ba. Riƙe hannu ko zama kusa da namiji a aji ba ya kawo ciki, sai an sadu. Kuma tsoratarwar tana da illa babba: yarinyar da wani ya taɓa inda bai dace ba, maƙwabci ne ko ɗan uwa, sai ta yi gum, don gani take ta riga ta jawo wa gidansu abin kunya. Ya kamata ta san sunayen sassan jikinta, ta kuma tabbata cewa in ta kawo ƙarar wanda ya kai mata hannu, ba za a dake ta ba.

Gaskiyar da ke cikin maganar uwar ita ce jikin yarinyar na iya ɗaukar ciki, har ma gab da jinin farko, domin ƙwai kan riga jinin fita.

Masu cewa wadda ta fara da wuri ta san namiji, ƙazafi suke yi. Yawanci ana farawa tsakanin shekara 10 da 15, wasu a 9, kuma gado da yanayin abinci ne ke tasiri. A shekaru biyun farko jinin kan tsallake wata.

Wanka ba ya cutar da mai al'ada, zaƙi ba ya ƙara jini, kuma paracetamol ko ibuprofen da aka sha bisa ƙa'ida don ciwon mara ba ya hana haihuwa. Amma gaskiya ne zubar jini da yawa na jawo ƙarancin jini. In jinin ya wuce kwana 7, ko audugar na jiƙewa duk awa, a je asibiti. Hanta, wake da zogale na taimakawa wajen rage ƙarancin jinin.

Sai batun cewa bayani zai buɗe mata ido. Ai Ahalari da yara ke karantawa a Islamiyya yana da fasalin haila da nifasi, malamai na karantar da shi ba ɓoye-ɓoye. In alkunyar 'yar fari ce ta ɗaure wa uwa baki, goggo ko yaya ta zauna da yarinyar tun tana shekara 9, ta nuna mata yadda ake sa auduga ko ƙunzugu da yadda ake sauyawa.