Mota Na Mutuwa Idan Ta Yi Zafi? Yadda Za Ka Binciki Sensar Kamshaf Da Wayarka

Yau za mu duba yadda wayar hannunka za ta taimaka wajen gano wata matsalar mota da ke cin kuɗin mutane a banza.

Mu ɗauka ka yi lodin gero daga Kunci za ka Dawanau. Ana cikin tafiya mota ta fara shessheƙa, ta mutu. Ka yi ta murza makulli, injin na juyawa amma ya ƙi tashi, sai da ya huce. Bakanike ya ce sensa ce. Ka tafi har Ƙofar Ruwa ka sayo, aka ɗaura, bayan kwana biyu matsala ta dawo. Kuɗin sensa ya tafi, kuɗin mota ya tafi, ga wuni guda a banza. Dalili kuwa shi ne ba a gwada komai ba kafin a saya.

Mene ne aikin sensar kamshaf?

A cikin inji akwai sanduna biyu masu juyawa. Karanshaf yana ƙasa, fistan ne ke juya shi. Kamshaf kuma shi ke buɗe bawul da rufe shi. Bel ko sarƙar taimin ce ke haɗa su, kuma duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf juyi ɗaya yake yi.

Wannan ya sa kwamfutar mota ba za ta dogara da karanshaf kaɗai ba. Fistan yana hawowa sama sau biyu a kowane zagaye: sau ɗaya don matse iska da mai, sau ɗaya don fitar da hayaƙi. Sensar kamshaf ce ke gaya wa kwamfuta wanne ne daga ciki, ita kuma ta san lokacin da nozul zai fesa mai da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan saƙon ya yanke, wasu motoci kan tashi da ƙyar su yi tafiya ba ƙarfi, wasu kuma ba sa tashi ko kaɗan.

Alamomin da za ka gani

Fitilar Check Engine ta kunnu. Mota ta daɗe ana murza makulli kafin ta tashi. Ta riƙa fizga ko mutuwa, musamman idan ta yi zafi. Ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Sai dai sensar karanshaf, famfon mai da kwayil duk suna iya kawo irin waɗannan alamomi, saboda haka alama kaɗai ba ta isa hujja ba.

Mataki na 1: Karanta lambar matsala

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da tsarin bincike mai suna OBD-II, masu amfani da fetur na Tarayyar Turai kuma tun daga 2001. Soket ɗinsa mai ramuka 16 ne, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Abin da kake buƙata shi ne ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth da manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Tsofaffin motocin Turai, kamar yawancin Golf 3, ba lallai su yi magana da waɗannan manhajoji ba.

Ka soka na'urar, ka murza makulli fitilu su kawo ba tare da tayar da inji ba, ka haɗa ta da wayarka, ka danna wurin karanta matsala. Ga ma'anar lambobin:

P0340: matsala a layin sensar kamshaf
P0341: saƙo na zuwa amma bai yi daidai ba
P0342: wutar saƙon ta yi ƙasa
P0343: wutar saƙon ta yi sama
P0344: saƙon na zuwa yana ɗaukewa
P0345: layin sensa na ɗaya ɓangaren, a inji mai siffar V
P0335: wannan ta sensar karanshaf ce
P0016: kamshaf da karanshaf ba sa tafiya tare

Ka ɗauki hoton allon kafin ka goge komai. Kuma ka lura da kalmar "layi". P0340 ba ta ce sensa ta mutu ba. Cewa ta yi kwamfuta ba ta samun saƙo, kuma saƙo na iya ɓacewa a sensar, a soket, a wayoyin wuta, ko saboda raunin batir.

Mataki na 2: Batir da ido

Ka sa mitar awon wuta a batir. Mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe. Idan wutar ta faɗi ƙasa da 9.6 lokacin murza makulli, fara da batir, domin shi kaɗai na iya jawo wannan lamba.

Daga nan ka kashe mota, ka cire soket ɗin sensar, wadda galibi take a saman inji kusa da ƙarshen kamshaf. Ka haska fitilar wayarka. Akwai baƙin mai a ciki? Akwai tsatsa, ko ruwan wankin inji? Ka bi wayoyin da hannu. A ƙauyukanmu mota kan kwana kusa da rumbu, kuma ɓera ba ya raina robar waya. Gargadar hanya ma kan sa waya ta goga da ƙarfe har ta sāɓule.

Mataki na 3: Gwada da mita

Ƙirga wayoyin soket ɗin, domin sensa iri biyu ce.

Mai waya biyu: maganaɗisu ne da naɗin waya, ita ke samar da wutarta. Ka cire soket, ka sa mita a kan awon om. Kowace mota da adadinta. A Toyota Corolla mai injin 1ZZ-FE, misali, om 835 zuwa 1,400 ake so idan inji na sanyi. Idan mitar ba ta nuna komai ba, naɗin ya tsinke. Wadda ke mutuwa da zafi kuma, a sake auna ta lokacin da motar ta mutu, don da sanyi tana iya nuna lafiya lau.

Mai waya uku: galibi irin ta Hall ce, sunan masanin Amurka Edwin Hall da ya gano hikimar a 1879. Ita ba a yi mata awon om. Ka kunna makulli: waya ɗaya ta ba da bolt 5 ko 12, ɗaya ta at ce, ta ukun ita ke kai saƙo. Idan babu wuta ko babu at, laifin na fiyus ne ko na wayoyi, sabuwar sensa ba za ta gyara komai ba. Idan duka biyun suna nan, a mayar da soket, a auna wayar saƙo ta bayansa, wani ya juya injin a hankali da sifana, makulli a kunne, bayan an cire soket ɗin kwayil da fiyus ɗin famfon mai don kada inji ya tashi. Wutar ta riƙa hawa da sauka. Idan ta tsaya cak, sensar ce.

Idan ka ga P0016, ka dakata

Wannan lamba ta fi nuna taimin ya goce: bel ya tsallake haƙori, sarƙa ta saki, ko baƙin mai ya yi datti ya hana na'urar VVT aiki. Ka duba mai tukuna. Idan kana jin ƙarar sarƙa da safe, kada ka ci gaba da tuƙi. A injuna da yawa, in taimin ya goce sosai fistan kan daki bawul, gyaran kuma ya ninka kuɗin sensa sau da yawa.

Idan ta tabbata sensar ce

Ka tafi kasuwa da tsohuwar, ko hoton lambar da ke jikinta. Kama da wane ba ta wane: sensa biyu na iya zama iri ɗaya a ido amma saƙonsu daban. Sabuwa ce ko ta Beljiyom, ku yi da mai shago cewa zai canja idan ba ta yi ba. Bayan ɗaurawa ka goge lambar, ka zagaya har inji ya yi zafi, ka sake karantawa. In ka gama ka zare ELM327, domin soket ɗin yana da wuta ko mota na kashe, za ta iya shanye batir.

Abu na ƙarshe: motar da ke mutuwa cikin tafiya haɗari ce, domin sitiyari da birki kan yi tauri idan inji ya mutu. Kada ka ɗauki fasinja ka hau babban titi da ita. Ka je wa bakanikenka da hoton lambar da sakamakon awo, ku fara daga nan. Sai mun haɗu a darasi na gaba.